Nauyi, Kuskure da Doka: Sharhi a kan Hausar Ɗakin Gwaji

A jami'o'in ƙasar nan da Turanci a ke koyar da kimiyyar motsi da halayen abubuwa, amma in ɗalibai sun taru gaban teburin gwaji, da Hausa su ke bayyana wa juna abin da littafi ya ce. Wannan Hausar ce kuwa waɗanda su ka zama malamai kan tafi da ita makarantun horon malamai. Saboda haka ya kamata a dube ta da idon basira, gama akwai kalmomi uku da ke cikinta waɗanda ke yi wa ilmin ɓarna.

Ta farko ita ce nauyi. Tun 1687 Newton ya rarrabe abu biyu, watau yawan abin da ke cikin jiki, da kuma ƙarfin da ƙasa ke jawo jikin da shi. Hausar ɗakin gwaji ta haɗa su duka ta kira su nauyi. Buhun gero in an kai shi duniyar wata ba a rage masa ko ƙwaya ba, amma jan da a ke yi masa ya koma kamar kashi ɗaya cikin shida. Sikeli mai faranti biyu yawan abu ya ke gwadawa, sikeli mai sifirin kuwa ja ya ke aunawa. Ɗalibin da kalma ɗaya ke bakinsa ba zai ga dalilin ajiye sikelin nan biyu ba. Da an bar wa ja sunan nauyi, ɗayan a ce masa yawan abu, da an huta.

Ta biyu, wadda ta fi muni, ita ce kuskure. A gwajin lilo a kan ɗaure ƙwallon ƙarfe da zare mai tsawon mita 1, a ƙidaya kai da komowa sau 20, a sami wajen sakan 40, sa'an nan a lissafa ƙarfin jan ƙasa. Yatsan mutum ba ya danna agogo daidai da ganin ido, ma'aunin tsawo kuma ba ya nuna abin da ya gaza milimita. Ko wane awo yana da 'yar ratar shakka, littafin gwaji kuwa so ya ke a lissafa ta a rubuta. To, ga Bahaushe kuskure abin kunya ne, mai yinsa ya kan nemi gafara ko ya ɓoye. Da ɗalibi ya ji an ce ya rubuta kuskurensa, sai ya shiga gyara alkalumansa har su ba shi 9.81 ɗin da ya gani a littafin Ingila. Alhali kuwa 9.81 na Landan ne. A Kano abin bai wuce 9.78 ba, domin jan ƙasa ya fi rauni kusa da tsakiyar duniya. Haka Richer ya tarar a Kayen a 1672, da agogonsa mai lilo, wanda a ka daidaita a Faris, ya riƙa jinkirin wajen minti biyu da rabi ko wace rana. Da ya ɗauki jinkirin nan abin kunya ya ɓoye shi, da Newton ya rasa hujja guda a kan siffar duniya. Ratar awo ita ce sunan da ya dace.

Ta uku ita ce doka. Abin da Hooke ya bayyana a 1678 shi ne sifirin ya kan miƙe gwargwadon kayan da a ka rataya masa. Doka umurnin mai mulki ce, wanda ya karya ta ya yi laifi. Sifirin kuwa in an cika masa kaya ya kan wuce iyakarsa ya ƙi komawa, wannan ma abin lura ne da a ke so a rubuta. Ɗalibin da ya ji doka sai ya goge awon da ya saɓa mata. Ƙa'ida ta fi, gama malamai sun saba da ƙa'idar nahawu mai togaciya.

Mai yiwuwa a ce kalma ba ta hana lissafi fita. Gaskiya ne, amma ba don lissafi kaɗai a ka gina ɗakin gwaji ba, an gina shi domin yaro ya koyi rubuta abin da idonsa ya gani. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Aikin gyaran nan kuwa yana kan malaman Hausa da na kimiyya tare, su zauna gaban teburin gwaji su daidaita kalmomin.