Jinjina Ga Malaman Kafinta Na Makarantun Jalingo

Tun da aka shigo da tsarin karatu na 6-3-3-4 a 1982, aka ce kowane ɗan ƙaramar sakandare zai taɓa zarto da guduma. A makarantu da yawa maganar a allo ta tsaya. Shi ya sa malaman da suka riƙe aikin a Jalingo, irin na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, suka cancanci jinjina.

Ka ga malam ya dafa hannun yaro, yana cewa, "Auna tukuna, kada ka yanka." Yaron ya ja layi da fensir, ya ɗora zarto, garin katako na zuba masa a ƙafa. Ƙusa ta lanƙwashe, a cire, a sake. Haƙurin nan ba kowa ke da shi ba, balle albashin bai taka kara ya karya ba.

Taraba ƙasar itace ce. An yi shekara da shekaru ana lodin gumaguman madobiya, wadda 'yan kasuwa ke kira madrid, zuwa Sin, mu kuma muna sayen kujerun waje. Yaron da ya iya haɗa benci, ya ci jarrabawar NABTEB, ba zai zauna jiran aikin gwamnati ba. Iyaye, ku bar yaranku su shiga ajin nan.