Jinjina ga Masu Kayan Marmari na Kudancin Garin Kaduna

A kudancin Kogin Kaduna, daga Kasuwar Tasha da ke kusa da tashar jirgin ƙasa har zuwa Kakuri da Sabon Tasha, masu sayar da kayan marmari sun cancanci yabo, domin hajarsu kayan gwari ce, wato kayan da ba sa jure ajiya. Lemon Binuwai da ayabar kudu sukan iso bayan doguwar tafiya a mota, sai a zauna a tsince su ɗaya bayan ɗaya, a ware waɗanda suka bugu. Gwani a cikinsu yakan ƙwanƙwasa kankana ya gane nunarta daga amonta, sannan ya yanko ɗan tsagi domin mai saye ya ga janta kafin a yi ciniki.