Jinjina Ga Masu Gyaran Keke Na Samaru

Masu gyaran keke na Samaru da Sabon Garin Zariya sun cancanci yabo, domin a lokacin dogon hutu rumfunansu kan zama makaranta ga yaran unguwa. Yaro zai fara da miƙa sifana, ya koyi tsoma tiyub a ruwa don gano inda kumfa ke fita, ya kankare wurin ya yi faci, kafin a bar masa kaca da birki. Nan yake koyon haƙuri, da lissafin canji, da riƙon amanar kayan mutane.

Wasu na cewa zamanin keke ya wuce, kuma aikin yana raba yaro da karatu. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, keke ya ƙara daraja wurin manoma, da ma'aikata, da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello. Batun karatu kuwa, zaman banza ya fi cutar da shi. Idan an koma aji, hakkin iyaye da maigida ne su mayar da yaro. Allah ya saka wa masu koyarwar nan da alheri.