Jinjina ga Likitocin Tsofaffin Na'urorin Awo

Mai gyaran rediyo kowa ya san shi. Amma wa ke gyara na'urar da shi kansa yake dogaro da ita wajen gano cuta? Masu wannan aikin su nake wa jinjina yau.

Ɗauki Tektronix, kamfanin da Howard Vollum da Jack Murdock suka kafa a Oregon ta Amurka a 1946. Na'urarsu, osiloskof, tana zana siffar wutar lantarki a kan gilashi, mutum ya ga abin da kunne ba ya ji. Samfurin 465 ya fito a 1972, kuma har yau wasu suna aiki, albarkacin waɗannan masu haƙuri.

Aikin ba na mai garaje ba ne. Ba sa jona tsohuwar na'ura da wuta kai tsaye. A hankali suke ƙara mata, suna sansana ko wani abu zai yi ƙauri. Kafasito, ɗan abin da ke adana wuta, shi ya fi ba su wahala: wani ya bushe don tsufa, wani ya haɗe wuta ya kashe komai. Ga bututun gilashin da ke riƙe dubban bolt ko bayan an kashe shi, shi ya sa gwani kan ajiye hannu ɗaya a aljihu.

Abin da ya fi burge ni: a samfuran shekarun 1950, kamfanin kan maƙala ɗan ƙullin dalma mai azurfa cikin akwatin na'urar, don dalmar gama-gari tana lalata madogaran tangaran da ke ciki. Wani ya tuna da mai gyaran da ba a haifa ba tukuna. A gidan tarihin VintageTEK da ke Beaverton, tsofaffin ma'aikatan kamfanin suna aikin gyaran nan kyauta.