Bala'i marar suna: fim ɗin A Quiet Place a idon mutanen Adar

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba fim ɗin A Quiet Place, wanda John Krasinski ya fitar a Amurka a 2018, mu auna shi da yadda mutanen Madawa, Buza da Keita suke ba da labarin yunwar 1984. Tambayarmu ita ce: mene ne matsayin harshe a lokacin da duniya ta watse?

2. Shiru a matsayin mafaka

Labarin na wani iyali ne, miji da mata da ƴaƴansu, da suka rage a gona bayan wasu halittu makafi sun hallaka jama'a. Halittun nan da ji suke farauta. Wanda ya yi ƙara ya mutu. Saboda haka iyalin suna tafiya ba takalma bisa rairayin da suka shimfiɗa, suna zance da hannu. Nan ne fim ɗin ya yi rawar gani. Ɗiyarsu kurma ce, kuma albarkacinta ne gidan ya iya maganar hannu tun kafin bala'in. Abin da ake ɗauka nakasa shi ya zama jarin gida. Wannan ya yi daidai da abin da Constanze Schmaling ta nuna a 2000 game da kuramen Kano, wato maganar hannu cikakken harshe ce mai nahawunta.

3. Raɗa wa bala'i suna

Inda muke ja da fim ɗin shi ne wajen suna. Iyalin sun shekara da abin da ke cin su, amma ba su raɗa masa suna ba. Bahaushe ba ya yin haka. Yunwar 1913-1914 ana ce mata Kakalaba. Ta 1984 a Nijar ana ce mata El Buhari, wato ƴar Buhari, domin ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Janar Buhari ta yi, hanyar hatsi da ta bida suka toshe. A lura da jinsin kalmar: yunwa tamace ce, shi ya sa aka mai da ta ɗiya, aka ba ta uba. Sunan nan yana ƙunshe da shekara da dalili da wanda ake zargi. Da shi ne tsohuwa take lissafin haihuwa da mutuwar gidanta.

4. Iyali ko jama'a?

Haka kuma fim ɗin ya killace iyali su kaɗai. Uban yana hango wutar maƙwabta daga nesa da dare, amma ba mu ga sun haɗu ba. A Adar kuwa rarrabuwa ce ta ceci gida: maza suka tafi bida, mata suka fita aikin firojen Keita, wanda aka buɗe a 1984 da taimakon Italiya da FAO, suna jera duwatsu da dasa itace ana biyan su da abinci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5. Kammalawa

A ganinmu, fim ɗin ya ƙware wajen tsoratarwa, amma ya rage wa ɗan Adam ɗabi'ar da ya fi dogara da ita cikin wuya: ya ambaci abin da ya same shi, ya faɗa wa wani. Waɗanda suka ga El Buhari da girmansu suna ƙarewa. Muna kira ga ɗalibanmu su naɗi labaransu da karin harshensu na Adaranci tun suna raye.