Takrist n Akal: Tarihin da ke Cikin Tsofaffin Kaset

Masu sha'awar jitar Abzinawa kan auna Abdallah Oumbadougou, jagoran ƙungiyar Takrist n Akal, da kundin Anou Malane, wanda aka ɗauka a Benin a 1995, kamfanin Sahel Sounds ya sake fitarwa a 2019. Wannan ma'auni bai cika ba. Kundin ya tace sautin, amma ƙarfin waƙoƙin yana cikin kaset-kaset na zamanin tawaye, waɗanda aka riƙa kwafa a ɓoye, hannu zuwa hannu. Abdallah ya rasu a 2020, zafi da ƙura kuwa suna cin zaren kaset. Wajibi ne ƙungiyoyin al'adu na Damargu, daga Tanut zuwa Belbeji, su nemo ragowarsu a gidaje, su adana.