Gidan Jajayen Riguna a Tudun Legon

Duk wanda ya bi babban titin Jami'ar Gana da ke Legon ya nufi tudu, zai tarar da Commonwealth Hall a gabansa: farin bango, jan rufi, da matakala hawa-hawa. Shi ne masaukin ɗalibai na uku a jami'ar, bayan Legon Hall da Akuafo. Ya samu sunansa ne a 1957, shekarar da Gana ta samu 'yancin kai ta shiga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Maza zalla ke zaune a cikinsa, launinsu ja, kuma suna kiran kansu 'yan Vandal.

Turawan da suka tsara ginin sun kwaikwayi Okasfod da Kambirij, inda ɗalibi ke ci, ya kwana, ya yi muhawara a gida guda ƙarƙashin kulawar malamai. A nan na yaba musu. Ɗakunan suna kallon tsakar gida, iska na ratsa baranda, ba mai shiga ko fita ba a gan shi ba. Wanda ya tashi a gidan haya a Nima ko Madina ya san wannan zama: na gaba ya ja na baya, baƙon jiya ya wayi gari ɗan gida.

Amma tsakar gidan da ta haɗa kansu ita ta ware su daga maƙwabta. A watan Agustan 2022 suka gwabza da ɗaliban Mensah Sarbah Hall, har aka ƙona mota. Hukumar jami'a ta yanke cewa tsofaffin ɗaliban digirin farko su bar gidan, a zuba sababbi, maganar ta kai kotu.

A ganina an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wanda ya ƙona dukiya a kama shi da sunansa, a hukunta shi. Korar manya gaba ɗaya kuwa ta raba yaro ɗan shekara 18 da wanda zai nuna masa hanyar laburare, ya ranta masa kuɗin abinci in wata ya yi nisa. Su ma tsofaffin 'yan Vandal da ke kare gidan da sunan al'ada, da sun tsawata wa ƙannensu tun da wuri, da hukuma ba ta samu hujjar taɓa shi ba.